Maharbin Da Ya Ba Da Ajiyar Barcinsa

Ni ba mai son tatsuniya ba ne, gara in faɗa tun farko. Da na ji wani ya gyara murya zai ba yara labari sai ƙafata ta fara neman hanya. Na haura hamsin, gemu ya yi fari, akori-kura nake tuƙawa, ina kwaso masara da itace daga ƙauyuka zuwa cikin birni, amma abin bai sake ni ba har yau. Kuma a gidan tatsuniya na tashi. Yaran layinmu a unguwar Kusfa har ƙorafi suke yi, wai mu Allah ya ba kaka mai baki, tasu sai carbi da faɗa.

Abin da ya zaunar da ni nake wannan rubutu, ni da ban gama firamare ba, autata ce, Hafsatu. Bana aka sa ta aji ɗaya. Tun da ta fara tafiya ba ta taɓa rugowa ta tarye ni a zaure ba. Ina ganin 'ya'yan maƙwabta, uba na yin sallama sun rataye a wuyansa suna lalube masa aljihu. Tawa sai ta tsaya daga nesa, ta durƙusa, "Baba sannu da zuwa," idonta a kan hannuna, ba a fuskata ba. Babban yayanta Aminu haka ya yi har ya girma. Ya tafi Kaduna koyon walda, yanzu uwarsa yake kira a waya, ni sai dai a ce yana gaishe ni. Na tsakiya mata ne, suna gidajen mazajensu. Ita kaɗai ta rage mini, kuma ina kallo tana bin hanyar da suka bi.

Kakarmu Iya muke ce mata, mahaifiyar Babanmu. Daga unguwar Kwarbai aka auro ta, kuma har ta koma ga Allah ba ta daina yi wa mutanen Kusfa gori ba, wai ba mu iya kaɗa miyar kuka ba. 'Yar ƙaramar mace ce, idan ta tsuguna gaban murhu sai ka ce tulu aka ajiye. Madafarmu ɗakin ƙasa ne a kusurwar gida, hayaƙi ya mai da azararsa baƙa ƙirin, ƙofar ta langa-langa ce, sai an ɗaga ta take rufuwa. Idan aka sauke tuwo ba a kashe wutar. Iya takan tura dankali cikin toka, ko gyaɗa, ko masara in damina ce, mu kewaye garwashin, ni da yayyena mata da ƙanenmu, gwiwa na gugar gwiwa. Gabanka ya yi zafi, bayanka na shan sanyin bango. Har yanzu idan na shaƙi ƙaurin ɓawon dankali, can nake komawa, ko ina so ko ba na so.

Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta karkata kai kamar mai sauraro, ta ce, "Kun ji? Baƙuwa ce a ƙofa, ta sha tafiya." Mu kuma mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma!" Ta harare ni: "Kai angon da ba ya cefane, matsa mata mana. Ka baje kamar kai ka gina ɗakin." Tanko ake kirana, don bayan mata aka haife ni, amma a bakin Iya ban taɓa wuce ango marar cefane ba.

Sai dai ba kullum baƙuwar take zuwa ba. Akwai lokacin da za mu yi ta roƙo har mu gaji, Iya ta ce, "Bakina ya tafi unguwa, bai faɗi ranar dawowa ba." Wata rana kuwa ko hannu ba mu gama wankewa ba za ka ji tana ƙwala kira kamar tuwo zai ƙone. Innarmu ta tattaro mu, ta ingiza mu ciki, ta ɗaga langa-langar ta rufe, ita kuma ta shige ɗakinta ta yi tsit. Na daɗe ina ɗauka sa'a ce. Sai da na ɗan yi wayo na gane cewa tare da takalmin Baba baƙuwar take zuwa.

Baba ya je yaƙin basasa yana saurayi, kafin ya auri Inna. Gidanmu gidan ɗinki ne, na hannu, irin na manyan riguna da ake zama a zaure da zare da allura tun safe har la'asar. An ce kafin ya tafi babu mai hannunsa a layin. Ya dawo da ƙafa biyu, hannu biyu, ko yatsa bai bari a can ba, aka yi ta hamdala. Amma da aka miƙa masa allura sai ya kasa zama. Ya ɗan soka ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo, ya sake miƙewa. Ƙarshe ya haƙura, ya ɗauki tallan zare da huluna yana bin kasuwanni a ƙafa. Bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba, ko kalma ɗaya. Dokoki kawai muka tarar a gidan, kamar yadda muka tarar da rijiya. Ba a zuwa masa ta baya. Ba a yar da kwano. Idan ya kishingiɗa ba a taɓa shi, daga bakin ƙofa ake kira. In kuwa aka yi tsawa, duk wanda ke kusa da shi sai ya ji an fizgo shi ƙasa an danne masa kai, har ta wuce, sannan Baba ya tashi ya kakkaɓe riga bai kalli kowa ba.

Dokar farko a kaina aka kafa ta. Ina ƙarami ƙwarai na hango shi a tsugune yana alwala, na rugo ta baya na rungume wuyansa. Abin da na sani kawai, na gan ni a gindin bango, jini ya rufe mini ido. Tabon yana nan a girata ta hagu. An ce shi ya sungume ni a guje, ƙafa ba takalmi, har asibiti. Daga ranar bai sake ɗaukata ba, ko kaina bai sake shafawa ba. Ni kuwa na ɗauka haushina yake ji.

Takalmin na soja ne, da shi ya dawo, an sha sauya masa ƙasa da guntun taya. A ƙarƙashin gado yake zama, sai a daɗe ba a gan shi ba. Amma wata rana Baba zai dawo daga sallar magariba, ya ƙi kallon akushi, ya jawo shi, ya zauna a bakin ƙofa yana zura igiya a hankali, rami bayan rami. Daga nan sai tafiya. Daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa zaure. Ya taɓa sakata, ya juyo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ba ya zagi, ba ya magana, ba ya neman kowa. Amma idan kaza ta gitta gabansa a irin wannan maraice, sai dai a nemo wuƙa kafin ta zama mushe.

Iya tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na 'yan mata a bakin rafi, amma waɗannan da rana tsaka ma takan jefo su tana tsinkar zogale. A ranakun takalmi guda ɗaya take yi.

Wai wani maharbi ne aka aika dajin da ba a kwana. Dajin nan duk wanda ya runtsa a cikinsa ba ya tashi. A bakinsa akwai wata tsohuwa mai tukwane jere a rumfa. Kowa ya zo shiga sai ya cire barcinsa ya ba ta, ta zuba a tukunya ta rufe da faifai, in ya fito ya karɓi abinsa. Maharbi ya ba da nasa ya shiga. Abokan tafiyarsa suka yi ta zubewa, shi ya tsira. Amma da zai fito, gudu ya fitar da shi ta wata hanya daban, bai bi ta rumfar tsohuwa ba. Ya iso gida aka yi ta guɗa. Kowa ya kwanta, maharbi ya kwanta, ido ya ƙi rufuwa. Ya lalube aljihu, ya zazzage jaka, babu.

"To ya koma ya karɓo mana," in ji Yaya Ladi, babbarmu, wadda ba ta barin magana ta wuce ta.

"Ke da bakinki kamar na buta. Wanda ya fito daga dajin nan, ko sarauta aka ajiye masa a can ba ya komawa."

Maharbi ya yi aure, ya haifu, kuma duk ɗan da aka haifa masa da ido buɗe yake zuwa, kamar kifi. Rannan sai ɗansa namiji ya ce shi zai je ya karɓo wa babansa barcinsa. Ya ɗauki gora da sanda ya kama hanya.

To daga nan ne labarin ba shi da gindi. Yaro ya iske kogi, kogi ya ce ba ka wucewa sai ka kwashe ni da ludayi. Ya iske garin da kowa da baya yake tafiya. Ya iske tururuwa suna rikicin gado a kan ƙwayar gero, suka ce sai ya raba musu. Kullum da sabon abin da zai tare shi. Muna dariya, muna ƙona yatsu a dankali, kunne ɗaya na wurin Iya, ɗaya na tsakar gida. Idan takun ya matso kusa da madafa, muryarta ta ƙara ƙarfi, ta sa waƙa, ta ce mu amsa, mu tafa. Idan ya yi nisa ta sassauta. Ita ma sauraro take yi. Da zarar takun ya ɗauke, muka ji takalmi ya faɗi ƙasa, ɗaya, sannan ɗayan, ko a tsakiyar magana take sai ta ce, "Baƙuwa ta gaji. Ku naɗe mata tabarma." Mu yi ta magiya: ya kai? Ya ga tsohuwar? Ta ce, "Yana hanya." Ban taɓa jin ya kai ba.

Akwai tambayar da na taɓa yi mata. Na ce, "Iya, shi maharbin nan ba shi da uwa ne? Ta zuba masa ido yana ta yawo?"

Ta daɗe tana tona toka da tsinke. Ta ce, "Yana da ita."

"To me ta ce masa?"

"Ɗan fari ne. Me za ta ce?"

Baba shi ne ɗanta na fari. A tarbiyyar su Iya uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace a zamaninsu. Tun da nake ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. "Wancan" take cewa. Idan ta dafa abin da ta san yana so, sai ta turo kwano ta ce, "Ga ragowa nan, in akwai mai ci." An ce ranar da ya dawo daga yaƙi unguwa ta cika gidan, ita kuwa ta shige madafa, wai wuta za ta mutu. Ka ga mace tana jin ɗanta yana zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ba ta da ikon ta fita ta kama hannunsa ta ce zauna.

Sau ɗaya takun ya tsaya daidai ƙofar madafa. Muka ga inuwar takalmin ta ƙarƙashin langa-langa, ƙanena ya cusa kai a cinyar Yaya Ladi. Iya ba ta naɗe tabarma ba. Ta bar yaro a bakin kogi, ta koma kan maharbi, da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta ce, "Shi kuwa maharbin nan, mutanen gidansa ba su gaji da shi ba. Ko barci bai zo ba, ai a zauna a huta ƙafa. Akwai wuri a bakin wuta." Muka zuba wa ƙofa ido. Inuwar ta daɗe a wurin. Sannan ta janye, ƙwas, ƙwas, ta nufi rijiya. Iya ta share hanci da bakin zani ta ce hayaƙin itacen nan ba shi da mutunci.

Baba ya riga Iya barin duniya. Ya faɗi a hanyar kasuwa da kayan tallansa, aka ce hawan jini ne. Lokacin na fara karen mota. A zaman makoki mata na ta kuka, Iya na zaune da carbi ido a bushe, ana yi mata gaisuwa tana cewa, "Ku yi wa yaran, su aka yi wa rashi." Da mutane suka ragu na same ta a madafa ita kaɗai, murhu ba wuta. Sai na ji bakina ya ce, "Iya, yaron nan kuwa ya kai?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wanda ya tafi dominsa ya kwanta. In ka gan shi a hanya, ka ce ya juyo gida."

Na ɗauka ruɗin tsufa ne. Na sa takalmin a buhu na ba mai sayen tsofaffin kaya, na ce an gama.

Ni ban je yaƙi ba. Ko bindigar farauta ban taɓa riƙewa ba. To a gaya mini dalilin da ya sa ba na iya tsayawa a masallaci sai a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. A gaya mini abin da ya kore ni daga zauren ɗinki, ya kore ni daga makaranta, na zaɓi aikin da kujerarsa ma tafiya take yi. Me ya sa nake taɓa sakata, in koma in sake taɓawa? Wani malami ya ce iska ce, ya ba ni rubutu na sha. A asibiti aka ce tunani ne, aka ba ni ƙwaya, na yi barci kamar gawa na tashi yadda na kwanta. Matata Saude ba ta taɓa cewa komai ba. Ni kuma ina taƙama da abu ɗaya: ban taɓa ɗaga hannu a kanta ko a kan 'ya'yana ba. Da wannan nake rufe bakin duk wanda ya ce ina da zafi. Na ce ni ba Baba ba ne.

Cikin daminar da ta wuce na sauke itace wajen Ƙofar Galadima da la'asar sakaliya. Ina tsaye ina shan ruwa, tayar wata tifa ta fashe a bayana. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin motata ba, fuska a taɓo. Kuma ba ni kaɗai ba, na fizgo wani dattijo mai sayar da rake na danne masa kai. 'Yan acaba suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam Tanko, fito, an yi sulhu!" Dattijon ya tashi yana karkaɗe hula yana cewa, "Bawan Allah, ni me na tare maka?" Na ba shi haƙuri, na yi dariyar dole, na ja mota.

Na yi magariba a masallacin layi na shiga. An ɗauke wuta. Akwai ƙusa a jikin ƙofar ɗakina inda nake rataye makullin mota. Ranar ban rataye ba, yana hannuna ina kaɗawa. Saude ta ce ga abinci, na ce ajiye. Na je zaure na duba sakata. Na dawo wajen rijiya. Na koma. A raina ba wani abu nake yi ba, iska nake sha a gidana. Ban ma lura tsakar gidan ta zama wayam ba.

Tsohuwar madafar Iya tana nan, mun dai shafe ta da siminti, kurfoti da gawayi sun maye murhu, amma ƙofar ita ce. Na zo gittawa ta wurin sai na ji muryar Saude sama-sama, ba yadda take magana ba: "Sai kogin ya ce masa, ba ka wucewa sai ka kwashe ni da ludayi." Hafsatu ta amsa waƙa, tana tafi.

Ƙafata ta tsaya da kanta. Ban taɓa ba Saude wannan labari ba. Ban taɓa ba kowa ba.

Ina tsaye, makulli ya yi shiru a hannuna. A ciki ma sai muryar ta yi ƙasa, ta ja, ta tsaya. Na ji ta ce a hankali, "To, da alama baƙuwa ta gaji."

Na ce bari in gani. Na ɗaga ƙafa na taka, na kaɗa makulli, na nufi rijiya.

"Au, ashe da sauranta! Sai ga wani gari, kowa da baya yake tafiya."

Na tsaya, ta tsaya. Na taka, ta ɗora. Wallahi da mari aka yi mini a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Na dawo na yi sallama a ƙofar. Na sake yi. Sannan Saude ta amsa, ta ɗaga langa-langar, ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta da jikinta. Ban taɓa lura haka take tsayawa ba.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wanne, Malam?"

"Saude."

Ta sunkuyar da kai. "Yaya Ladi ce. Tun ina amarya, lalle bai goge ba. Ta ce in riƙa duba ƙusa. In makulli ya hau, lafiya lau. In yana hannu, in tara yara in yi musu maharbi har ka zauna."

"Har da Aminu?"

"Aminu ai ya fi ni iya ta."

"Na taɓa dukanki? Na taɓa dukan ɗaya a cikinsu?"

"Ba ka taɓa ba, Allah ya sani." Ta ɗago ta kalli girata ta hagu. "Yaya ta ce Baba ma sau ɗaya ne."

Na so in daka tsawa. Sai na hango Hafsatu ta bayan zanin uwarta, hasken gawayi a fuskarta, dankali a hannu ta manta da shi. Ba fuskata take kallo ba. Hannuna take kallo, inda makullin yake. Ni kuwa duk tsawon nan zatona tsaraba take dubawa.

Na miƙa wa Saude makullin na ce ta rataye. Na ce, "Matsa." Ta matsa. Na sunkuya na shiga. Rabona da zama a ɗakin nan tun rasuwar Iya. Na zauna a ƙasa, bayana ga ƙofa, abin da ba na yi ko a gidan biki. Hafsatu ta manne a kusurwa.

Na ce, "Ina aka tsaya?"

Hafsatu ta juya wajen uwarta. Uwarta ta ce daga ƙofa, "Gaya wa Baba mana."

"Garin masu tafiya da baya," in ji Hafsatu kamar mai raɗa.

"To ya wuce nan. Ya wuce tururuwa ma. Ya kai."

Ta ɗago. "Ba ya kaiwa. Mama ta ce kullum yana hanya."

"Yau ya kai."

Ni ban iya labari ba, ba ni da waƙa, ba ni da salo. Na faɗe shi yadda nake kwatanta wa yaron mota hanya. Na ce ya iske rumfa, ya iske tsohuwa, tukwane duk yanar gizo ta rufe su. Ya ce ya zo karɓar barcin babansa. Tsohuwa ta ɗaga faifai ta nuna masa, wayam. Ta ce tuntuni aka kai wa mai shi, ya kwanta, ba abin da ke tashinsa. Ta ce kai kuma juya gida, 'ya'yanka na can a rufe a madafa suna jira ka zauna.

Hafsatu ta ɓata fuska. "Yaro ne fa. Ina ya samu 'ya'ya?"

"Ya daɗe a hanya. Ya tsufa bai sani ba. Har gemu ya yi, fari."

Ta kalli gemuna. Ta daɗe tana kallo. Ranar na fara sanin idon 'yata irin na Iya ne, ƙanana masu kaifi.

"To shi nasa barcin fa? Wa ya ba ajiya?"

Na ce ban sani ba, ba a gaya mini wannan ba.

"Baba, ƙafarka tana rawa."

Gaskiya ne. Gwiwata ta dama sai tsalle take yi, tana son tashi, tana son zaure da rijiya. Na danne da hannu ta ƙi. Na ce, "Ba ta jin maganata. Ko za ki danne mini ita?"

Ta kalli uwarta. Ta kalli hannuna, ba komai a ciki. Ta taso a hankali, ta zagayo ta gabana yadda aka koya mata, ta zauna a kan gwiwar da duk nauyinta, wanda bai taka kara ya karya ba. Ta ɓare dankalin, ta ci rabi, ta miƙo mini rabi ba ta juyo ba. Ya huce, har da toka. Na cinye.

Ba zan yi ƙarya in ce na warke ba. Har yanzu ina duba sakata, har yanzu akwai maraicen da gidan yake yi mini kaɗan. Abin da ya sauya, idan ya taso nakan ce musu, "Ƙafar ce, ba ku ba ne," in fita in bi gindin ganuwa har ta gaji, in dawo. Maganar ba ta da tsawo, amma Baba bai samu bakin faɗa mana ita ba, shi ya sa na girma ina zaton ya tsane ni. Na kira Aminu a waya. Mun gaisa, sannan ya tambayi lafiyar mota. Ban san ko zai sake ɗauka ba.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, ina ganin da ita aka kulle mu. Yanzu na ga iyakar abin da tsohuwa ta iya ke nan da bakin da aka ɗaure mata: ta kwashe jikoki daga hanya kada ɗanta ya sake yin abin da zai kasa yafe wa kansa, ta kuma yi masa magana ta cikin langa-langa. Ƙarshen labarin ma ta ba ni, ranar makoki, ni ne ban karɓa ba, don ban san saƙon nawa ba ne. An gama yaƙin kafin a haife ni, a can kudu aka yi shi, cikin dazuzzukan da ban taɓa takawa ba. Amma sai da ya tako har Kusfa ya koya wa 'yar aji ɗaya kallon hannu.

Jiya na dawo da yamma na yi sallama a zaure. Ba ta rugo ba, ba zan ƙara gishiri ba. Ta dai tako har inda nake, ta miƙo hannu ta ce, "Kawo." Na ba ta makullin. Ta mirgino turmi ta kife, ta hau, ta rataye shi a ƙusa da kanta. Ta sauko ta leƙa madafa.

"Mama, yau ba baƙuwa."